Ƙullin Cima

An gama yankan hatsi.
Damina ta naɗe tabarmarta,
tabkin bayan Birni yana ja da baya,
ya bar laka tana tsagewa kamar dugadugan tsoho.
Ni kuwa yau na fito da hauya.

Wurin bai fi shimfiɗar mutum biyu ba,
tsakanin bangon madafa da dutsen nan
da gidanmu ya jingina da shi tun ba a haife ni ba.
Ƙasar Damagaram ba ta san kara ba:
ka miƙa mata yatsa, ta miƙo maka tsakuwa.
Na tsince su, kwano uku,
na zuba kashin awaki da ya sha rana,
da tokar murhu, da yashi kaɗan,
na juya, na juya, har bayana ya ce ya isa.

Lawali ya leƙo ta katanga:
"Albasa ce, ko salati?"
Na ce fure.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"A garin da famfo ba ya tari sai tsakar dare,
ɗan garuwa na tafiya kamar mai bin bashi,
kai fure za ka shayar?
Ka taɓa ganin an kaɗa miya da shi?"

Ban taɓa ba.

Amma Cima ta bar ƙullin tsumma uku
a gwangwanin madara, bayan randa.
Mai jan zare ɗoɗɗoya ce, hancina ya shaida.
Mai baƙin zare lalle ne,
wanda furensa ke cika tsakar gida da almuru.
Na ukun ba zare, ba ƙamshi,
'yan ƙwayoyi kamar kan allura.
Ban san sunansu ba,
kuma wadda ta sani ta yi damina biyu a makwanci.

Ga reshen ƙarya kuma,
daga garkar ƙanenta Mutari, can Mirya.
Ya ce kada in dasa shi da ɗanyen yanka,
in ajiye a inuwa kwana bakwai.
Sai rauni ya bushe ake binne shi, in ji shi,
in ba haka ba ruɓewa yake.
Na ce na ji.
Na daɗe da ji.

Ruwa kuwa na yi masa dabara.
A bakin fangalin nan nake alwala,
sau biyar, ba ɗigon da ke ɓata.
Ruwan wankin shinkafa, nan.
Ragowar buta, nan.
Abin da ya sauka daga gwiwar hannuna
shi saiwa za ta lasa a cikin duhu.

Na kewaye da kara da ƙayar magarya,
don akuyar Lawali ta fi mai ita son sani.

Mutane na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
To, mu ma ba mu yi ba,
shekara talatin da ɗaya,
kuma ba wanda ya shigo gidan nan ya fita
bai ɗauki ƙamshi a rigarsa ba.

Yanzu ba abin kallo.
Ƙasa ce baƙa, da sanda ɗaya a tsaye
kamar an manta da ita.
Sanyi zai zo ya wuce ta kanta.
Sai bazara,
ranar da dutsen nan ke ƙona tafin ƙadangare,
itatuwa sun tuɓe, rijiyoyi sun yi nisa,
sannan ƙarya ke buɗe jan bakinta, ba ko ganye.

Allah ya kai mu.

Ɗazu da magariba na ji motsi.
Lawali ne, ya ɗora gwangwani a kan katanga,
ruwa rabi, bai ce komai ba.
Da ya juya sai ya tsaya:
"Wancan na ukun, in ya fito,
ka kira ni in gani."